Takardar Da Yarona Ya Kawo, Da Yaron Da Garinmu Ke Jira Ya Jefa Ƙwallo

 

'Yar'uwa, na san za ki yi mamakin ganin maganar ƙwallo a wannan shafi, inda muka saba hirar zazzaɓi da yaye da allurar rigakafi. Ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni, domin maganar ta shigo har cikin ɗakina, kuma ina jin ƙarshenta zai shafi naki.

Kin san a Kolambus nake zaune, babban birnin jihar Ohayo a Amurka, a nan kuma nake aikin jinya. Mako biyu da suka wuce na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, sai babban yarona mai shekara 11 ya miƙo mini takarda da biro. Wai in sa hannu, zai shiga ƙungiyar ƙwallon Amurka ta yaran unguwa. Na ce wane matsayi kake so? Ya ce, "Umma, kwatabak mana." Babansu yana gefe yana murmushi, alamar an gama ƙulla magana tun kafin in iso.

Na ce su ba ni mako biyu. A wurin aikinmu ba a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi haka a gida ba.

Wane ne kwatabak?

Wasan ya fi kama da zari-ruga, don da hannu ake yin yawancinsa. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Tsawon filin yadi 100, yadin nan dai da kika sani na awon atamfa. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama 4 ya ci gaba da yadi 10. In ya yi, a sake ba shi wasu 4. In ya kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6.

Kwatabak shi ne madugun ayarin. Kusan duk lokacin da za a tashi wasa, hannunsa ƙwallo yake fara zuwa. Shi zai dubi yadda abokan hamayya suka jeru, ya zaɓi wanda zai jefa wa, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. Duk wannan cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka, alhali ƙarti masu nauyin kilo sama da 100 sun taso masa. In aka ci wasa shi ake ɗagawa, in aka faɗi shi ake zagi.

A nan ƙwallon jami'o'i ba wasan yara ba ne. Filin Jami'ar Jihar Ohayo yana cin mutum sama da 100,000, kuma cika yake yi. Ranar Asabar ɗin wasa, har marasa lafiya a gado sai sun roƙi a kunna musu talabijin.

Abin da ya tayar da hankalin garin a 2025

A kakar 2025, ƙungiyar jami'ar ce ke riƙe da kofin ƙasa. Ranar 20 ga Janairun 2025 ta doke Notre Dame da ci 34 da 23 a Atlanta. Sai dai madugun da ya kawo kofin, Will Howard, ya gama zamaninsa ya wuce gasar ƙwararru ta NFL. Shi da abokansa, mutum 14 aka ɗauke daga ƙungiyar a zaɓen 2025, cikinsu har da Emeka Egbuka wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne.

A watan Agustan 2025 koci Ryan Day ya ɗora wa wani yaro mai shekara 20 wannan kaya. Sunansa Julian Sayin, ɗan Kalifoniya, wanda ya fara zuwa Alabama kafin ya dawo nan. A lokacin bai taɓa fara wasa ko ɗaya a jami'a ba. Ɗan abin da ya buga a 2024 bai taka kara ya karya ba, sai an riga an yi nisa da ci ake sako shi.

Wasansa na farko kuma ba na ɗanɗano ba ne. Ranar 30 ga Agustan 2025 aka tsara za su karɓi Teksas, ƙungiyar da 'yan jarida suka sa a lamba ta 1 kafin a fara kaka, Ohayo kuwa tana ta 3. Madugun Teksas shi ne Arch Manning, ɗan gidan ƙwallo: kakansa Archie ya yi wannan matsayi, baffanninsa Peyton da Eli kowanne ya ci kofin ƙwararru sau biyu. Shi ma wasa 2 kacal ya fara a 2024. Ga yara biyu da kowa ya riga ya yanke wa hukunci tun ba a ga komai ba.

A ɗakin shan shayinmu na asibiti, wata abokiyar aiki ta ce Sayin ya yi ƙanƙanta, ba zai jure duka ba. Wata ta ce jifansa ba ya kuskure, kofi ya dawo. Ni dai na yi shiru, don na lura ba wadda ta ga yaron ya buga cikakken wasa a cikinsu.

Yadda na koyi auna su

Da na zauna ina kallon tsofaffin wasanni da yarona, sai na ga aikin bai yi nisa da namu ba. In na auna hawan jinin mutum sau ɗaya na ga ya hau, ba na rubuta cewa yana da ciwon hawan jini. Sai na tambaya ko yanzu ya hau bene, ko ciwo yake ji, ko tsoro. Sai na sake aunawa, na duba na jiya da na shekaranjiya. Da wannan idon na fitar da abubuwa huɗu.

Na farko, ki dubi waɗanda suke kewaye da shi. A gaban kwatabak akwai mutum 5 da aikinsu kawai su tare masa hanya. In sun yi rauni, ko wane ne shi zai yi ta jifa a firgice. In kuma masu cafe ƙwallonsa gwanaye ne, jifan da bai yi kyau ba ma sai ya zama abin yabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Misalin da ya fi tsaya mini shi ne Joe Burrow. Shekara uku ya yi a nan Ohayo yana zaman jira, a 2018 aka fifita wani a kansa, sai ya koma Jami'ar Jihar Luwiziyana. Shekararsa ta farko can ba ta ba kowa mamaki ba. A 2019 kuwa, da aka sauya tsarin wasa kuma ga gwanayen masu cafewa, ya yi jifa 60 da suka zama ci, ƙungiyar ta buga wasa 15 ba ta faɗi ko ɗaya ba, aka ba shi kyautar Heisman ta gwarzon shekara. Yaron nan dai da aka ajiye a benci.

Na biyu, ki dubi abin da yake yi in hanya ta toshe. Ƙarfin hannu kowa yana gani, shi ya sa ake ruɗuwa da shi. Abin da ya fi wuya shi ne yaro ya gane ba wanda ya samu sarari, ya jefar da ƙwallon waje, ya haƙura da wannan dama. Wanda ya nace sai ya burge shi ne ke jefawa hannun abokan hamayya. Mu ma a wurin aiki, sabuwar ma'aikaciyar da na fi yarda da ita ita ce wadda za ta ce "ban tabbata ba, zo ki duba mini," kafin ta ɗura magani.

Na uku, ki dubi abin da ya biyo bayan kuskure. A watan Oktoban 2024, Ohayo tana bayan Oregon da maki ɗaya, saura 'yan daƙiƙu. Will Howard ya ruga da ƙwallo, ya zame ƙasa don a tsayar da agogo, ashe lokaci ya riga ya cika. Aka tashi 32 da 31. Ƙarshen Nuwamba kuma Mishigan, babbar abokiyar gabarsu, ta zo har gida ta doke su 13 da 10, shi kuma sau biyu yana jefa ƙwallo hannun abokan hamayya. Karo na huɗu ke nan a jere da Mishigan ta yi musu haka. Garin ya ɗauki zafi, wasu har kira suke a kori koci. Bayan makonni uku aka shiga zagayen fitar da gwani, Howard ɗin nan ya jagoranci doke Tenesi, ya rama wa Oregon da ci 41 da 21, ya wuce Teksas. A wasan ƙarshe, jifansa 13 na farko duk sun isa hannun waɗanda ya nufa. Da an auna shi da ranar Mishigan kaɗai, da an yi asarar kofi.

Na huɗu, kada rana ɗaya ta shafe shekara. Kafin Howard akwai Kyle McCord. A 2023 ya ci wasa 11 a jere, ya faɗi ɗaya, a hannun Mishigan, 30 da 24. Wannan ɗayan shi mutane suka riƙe. Kafin shekara ta ƙare ya tattara ya koma Sirakus, inda a 2024 ya jefa yadi 4,779, fiye da kowa a manyan jami'o'in ƙasar. Ban ce an yi kuskuren rabuwa da shi ba, tunda wanda ya gaje shi ya ci kofi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi ta magana a kansa kamar wanda bai iya komai ba.

A nan ne na tsargu. Yarona ya taɓa kawo sakamakon jarrabawa, darasi bakwai lafiya, lissafi ya faɗi. Kin san a kan wanne muka kwana? Ban tambayi ko an sauya musu malami ba, ban tambayi ko yana hango allo ba. Daga baya ne gwajin ido ya nuna tabarau yake buƙata. Ni da nake faɗa wa mutane kullum kada su amince da awo ɗaya, ga shi na yi wa ɗana abin da garin nan ya yi wa McCord.

To a kakar 2025 ina aka dosa?

Tunda na shiga, bari in faɗi nawa hasashen, ki riƙe ni da shi.

Abin da ke taimakon Sayin a bayyane yake. Jeremiah Smith yana nan, wanda a shekararsa ta farko ya cafe ƙwallo na yadi sama da 1,300, ya kai gida sau 15. A 2025 Carnell Tate ma yana nan. A ɓangaren tsaro a lokacin akwai Caleb Downs, wanda ake lissafa shi cikin mafi iyawa a ƙasar. Sabon madugun da yake da irin waɗannan ba sai ya yi abin al'ajabi ba. Ya kai ƙwallo inda ya dace a kan lokaci, ya guji ɓarna, ya isa.

Abin da ke ba ni tsoro kuma ba shi ne yaron ba. Masu gudu da ƙwallo biyu da suka ɗauki nauyin kakar 2024, TreVeyon Henderson da Quinshon Judkins, duk sun tafi. Mutum huɗun da ke sahun gaba na tsaro sun tafi gaba ɗaya. Mataimakan koci biyu mafi girma su ma sun sauya sheƙa: Chip Kelly ya koma NFL, Jim Knowles kuwa ya koma Penn State, ƙungiyar da aka tsara za ta zo nan ranar 1 ga Nuwamban 2025 da mutumin da ya san sirrin gidan. Sannan ga tafiya gidan Mishigan ranar 29 ga Nuwamban 2025.

Akwai kuma tambayar da masu hasashe suka cika mantawa: in ya ji ciwo, wa zai shiga? A 2014 Ohayo ta rasa Braxton Miller tun kafin a fara, saboda kafaɗa. J.T. Barrett da ya maye gurbinsa ya karye a idon sawu a wasan Mishigan. Na uku a layi, Cardale Jones, shi ya buga wasanni ukun ƙarshe ya kawo kofi. A 2025 Lincoln Kienholz ne na biyu, shi ma a lokacin bai goge ba.

Hasashena na kakar 2025: cikin wasa 12 za su ci 10, za su shiga cikin ƙungiyoyi 12 da ke fafatawar fitar da gwani. Riƙe kofi shekara biyu a jere kuwa abu ne mai wuya, ba zan yi miki alkawarinsa ba. Ko me ya faru ranar 30 ga Agusta, ba zan yanke wa Sayin hukunci ba sai na ga abin da ya yi a wasan da ya biyo bayan ranarsa mafi muni. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. 

Abin da hular kwano ba ta karewa

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, wanda ya wuce ci da faɗuwa.

A 2002, wani likita ɗan Nijeriya mai binciken gawa a Pittsburgh, Dakta Bennet Omalu, ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster, ya ga wata lalacewa da ake alaƙantawa da yawan buguwar kai. Ya wallafa bincikensa a 2005, cutar da yanzu ake kira CTE. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka sami cutar a 110. A yi adalci, iyalan da suka ba da waɗannan ƙwaƙwale yawanci sun riga sun ga alamun matsala, don haka ba a cewa haka kowane ɗan wasa yake. Amma uwa ba za ta ji wannan ta kawar da kai ba.

Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa. Ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Wannan ya shafe ki ko da ɗanki bai taɓa ganin ƙwallon Amurka ba, domin yaro yana faɗowa daga keke ko bishiya ko babur, yana karo da wani a ƙwallon unguwa. Yawancin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma, saboda haka "ai bai suma ba" ba hujja ba ce.

In yaro ya bugu a kai, ki lura da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske, ruɗewa, ko maimaita tambaya ɗaya. In kin ga ɗaya daga ciki, ya gama wasa a wannan rana, ko da ya rantse ya warke. Ya huta kwana ɗaya ko biyu, a rage waya da talabijin, sannan ya koma harkokinsa a hankali. Kada ya koma wasan da ake karo sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. In za ki ba shi maganin ciwon kai, farasitamol ne, ban da asfirin.

A garzaya asibiti ba jira in yana ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi har tada shi yana wuya, ko ya yi jijjiga, ko maganarsa ta sarƙe, ko wani sashe na jikinsa ya saki, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci.

Abin da na yi da takardar

Na zaunar da shi da babansu. Na ce masa hukumar wasannin jami'o'i da kanta ta ce cikin 'yan wasanta 100, waɗanda ke kaiwa NFL ba su cika 2 ba. Tun 2021 an yarda ɗalibai su riƙa samun kuɗi da sunansu, shi ya sa yara suke jin labarin miliyoyi, amma 'yan ƙalilan ne ke ganinsu. Sauran da takardar karatunsu suke fita, da kuma jikin da wasan ya bar musu.

Ban hana shi gaba ɗaya ba. Akwai nau'in wasan da ba a kayar da mutum: ana rataya ƙyalle a ƙugu, in an fizge ƙyallen wasa ya tsaya. Har an sa shi cikin gasar Olamfik ta 2028 a Los Anjelis. A can zai koyi duk abin da na lissafa miki, karanta fili, haƙura da jifan da bai dace ba, tashi bayan kuskure, ba tare da kansa yana shan duka ba. Akwai likitocin da ke ba da shawarar yara su tsaya a wannan har shekara 14, ni ma a nan na tsaya. Wannan takardar na sa wa hannu. Ɗayar tana cikin durowa.

Bai ji daɗi ba. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Babansu ma yana ganin na cika tsoro, ya ce aikin asibiti ya sa ba na ganin komai sai masu rauni. Wataƙila yana da gaskiya a wani ɓangaren, don yaran da suka buga suka tashi lafiya ba sa zuwa wurina. Mun yi yarjejeniya in ya kai 14 za mu sake zama, kuma a ranar zan saurare shi da gaske.

Jiya da daddare ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Umma, in Sayin ya jefa wa Teksas ƙwallo sau biyu fa?" Na ce sai mu jira mu ga Asabar ta gaba. Ya yi dariya ya ce na fara iya ƙwallo.

Ke fa 'yar'uwa, da ke aka kawo wa takardar, wacce za ki sa wa hannu? Kuma akwai sakamako ɗaya da kika taɓa riƙe ɗanki da shi, daga baya kika gane da sauran bayani? Ki rubuto a ƙasa, ina karantawa in na samu sarari a wurin aiki.

Allah Ya raya mana su, Ya tsare mana kawunansu da hankalinsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.